Wasiƙa daga Iowa: ƙungiyar da ke cin wasa, alƙaluma na cewa ba ta iya ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa,

Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya kuma hidimar girbi? Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Mu ma nan jihar Iowa masara ake ta yanka da manyan injuna, sanyi ya fara leƙowa, kuma kakar ƙwallon Amurka (American football) ta jami'o'i ta kai rabi. A irin wannan lokaci jaridu da gidajen rediyo ba su da zance sai jerin alƙaluma: wace ƙungiya ce ta ɗaya wajen cin maki, wace ce ta ɗari wajen tsare gida. Na ga masu kallon gasar Ingila a cikinku ma sun shiga wannan harka ta lissafi, shi ya sa nake so in ba ku labarin ƙungiyar Jami'ar Iowa a kakar 2023, don har yau in aka tayar da maganar a garin nan sai an rabu biyu.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, ga shi a taƙaice. Filin yadi 100 ne. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, amma 'yan gaba daban suke, 'yan baya daban, masu bugu daban, kowane rukuni da kocinsa. Ana ba ku dama huɗu ku matsa yadi 10, da gudu ko da jifa. In kun cika, a sake ba ku huɗu. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin ƙarshe ya ci maki 6, sai a ƙara masa bugun maki 1. Bugawa tsakanin sanduna daga nesa maki 3 ne. Idan kun gwada sau uku abin ya faskara, yawanci sai a kira mai dogon bugu ya cilla ƙwallon can nesa, abokan karawa su faro daga inda ta tsaya. Tunda komai da yadi ake aunawa, komai yana da jeri. A 2023 ƙungiyoyi 133 ne a babban rukuni, kuma kowace Lahadi kowa ya san matsayinsa a kowane fanni.

Kirk Ferentz ne kocin Iowa tun 1999. A lokacin ɗansa Brian ne ke riƙe da 'yan gaba, kuma saboda dokar jami'a da ta hana uba ya zama shugaban ɗansa kai tsaye, a takarda daraktan wasanni ne ke kula da aikinsa. 'Yan gaban sun yi ta ba magoya baya ciwon kai a 2022, sai a Fabrairun 2023 darakta na lokacin, Gary Barta, ya sake wa Brian kwantiragi. Aka rage masa albashi da dala 50,000, aka gindaya masa sharaɗi biyu: ƙungiya ta ci wasa 7, sannan ta riƙa cin maki 25 a kowane wasa in an raba daidai. Wasa 13 ake sa ran bugawa a kakar, sau 25, maki 325 ke nan. Nan da nan ƙasar ta mai da abin wasan dariya, ana ƙirga wa Iowa maki kowace Asabar kamar masu bin bashi. Abin da ya fi ɗaure mini kai a sharaɗin shi ne duk makin da ƙungiya ta ci na shiga lissafin, har wanda 'yan baya suka ƙwace suka ci da kansu. Wato ana auna aikin mutum da gumin wasu.

A tsakiyar Oktoba Iowa ta buga wasa 7, ta ci 6. 'Yan jaridar da ke kaɗa ƙuri'ar Associated Press suka sa ta ta 24 a faɗin ƙasa. A jerin yadin da 'yan gaba ke ci kuwa tana can ƙasan ƙasa. Mai jifansu, Cade McNamara, wanda suka ɗauko daga Michigan da ɗoki, ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan Michigan State ranar 30 ga Satumba. Manyan masu cafe ƙwallonsu biyu, Luke Lachey da Erick All, su ma rauni ya fitar da su. Duk da haka ana ta ci.

Wasan Wisconsin na 14 ga Oktoba ya isa misali. Deacon Hill, wanda ya maye gurbin McNamara, yadi 37 kacal ya samu da jifa a duk wasan, abin da wasu ke samu a jifa ɗaya. Gudu guda na Leshon Williams, yadi 82, shi ne kaɗai lokacin da suka ƙetare layin ƙarshe. Aka tashi 15 da 6, Iowa ce da nasara. Gwarzon ranar shi ne Tory Taylor, mai dogon bugu ɗan Ostireliya, wanda ya yi bugu 10 da suka haura yadi 500 a haɗe.

A wasu jami'o'in fitowar mai dogon bugu alamar an kasa ce, lokacin da 'yan kallo ke tashi su je sayo abin sha. A filin Kinnick na Iowa, mai cin mutum kusan 70,000, ihu ake yi in Taylor ya fito. Za ka ga dattijo da rigar baƙi da ruwan ɗorawa ya miƙe tsaye yana bin ƙwallon da ido a sama, in ta dira dab da layin abokan karawa ta tsaya cak, ya rungume na kusa da shi ko bai san shi ba. Har riguna aka buga masu cewa dogon bugu shi ne cin wasa. Wannan filin ne kuma, in ban manta ba in gaya muku, inda tun 2017 in an gama kashin farko na wasa kowa ke juyawa, har 'yan wasa da alƙalai, ya ɗaga wa yaran da ke kwance a benen asibitin da ke kallon filin hannu. Ko ba ka son wasan, wannan sai ya taɓa ka.

Masu kare Ferentz suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Jerin yadi bai san inda aka faro ba. Idan Taylor ya dasa abokan karawa a yadi 5 daga gidansu, 'yan bayan Iowa, waɗanda Phil Parker ke horarwa, suka hana su motsi, dole su mayar da bugu daga can ciki, sai Iowa ta karɓa a tsakiyar fili. Yadi 20 kawai take bukata ta kai inda za ta buga maki 3. A takarda ta ci yadi 20, abin kunya. A allo kuwa ta wuce gaba. Sannan ƙungiyar da ke wasa a hankali, tana cinye lokaci, ba za ta taɓa tara yadi kamar mai gaggawa ba, balle a 2023 da aka canza doka agogo ya daina tsayawa duk sanda aka cika yadi 10, sai a minti biyun ƙarshe na kowane rabi. Akwai ma wani abu a lissafin jami'o'i: in aka kayar da mai jifa kafin ya saki ƙwallo, yadin da aka rasa daga na masu gudu ake cirewa, sai jerin ya ɗora wa masu gudu laifin da ba nasu ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa masu lissafi irin su Bill Connelly na tashar wasanni ta ESPN suke auna abin da aka samu a kowace dama guda, su kuma duba ƙarfin wanda aka kara da shi.

Sai dai ni a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. A tsakiyar waccan kakar, lambar da ta fi yaudarar mutane ita ce nasara 6 da rashin nasara 1, ba jerin yadi ba. Ku duba su wa aka ci. Utah State, Iowa State, Western Michigan, Michigan State wadda ke cikin rikicin korar kocinta, Purdue, da Wisconsin. Ƙungiya ɗaya tak mai ƙarfin gaske suka gamu da ita, Penn State, ranar 23 ga Satumba, aka yi musu 31 da nema. Yadi 76 suka samu a duk daren, sau 4 kawai suka cika yadi 10. Dabarar dogon bugu tana aiki ne idan abokin karawa shi ma gurgu ne a gaba, kuma sashen yamma na gasar Big Ten, inda Iowa take, a lokacin cike yake da irinsu. Ranar da aka haɗu da mai iya cin maki 14 da wuri, babu abin mayar da martani.

Ko matsakaicin makin ma yana ɓoye abu. Bayan wasa 8 Iowa na da maki 156, wato 19.5 a kowane wasa. Cire 41 da aka zuba wa Western Michigan, ragowar wasa 7 bai kai 17 ba. A rabin kaka wasanni kaɗan ne, rana ɗaya mai daɗi tana iya ɗaga ƙungiya hawa da yawa a jeri, don haka kafin in yarda da kowace lamba sai na tambaya wa aka yi wa ita.

Wasa na takwas ɗin nan shi ne na Minnesota, 21 ga Oktoba, a Kinnick. Saura abin da bai kai minti biyu ba, Minnesota na gaba 12 da 10, suka yi dogon bugu. Ƙwallo ta dira tana tsalle kusa da layin gefe. Cooper DeJean, ɗan bayan Iowa, ya taho yana kaɗa hannun hagu don abokansa su kauce mata, ya sure ta, ya juya ya zille wa waɗanda suka rufa masa, ya ratsa filin yadi 54 har gida. Filin ya kaure kamar zai tsage. Sai alƙalai suka koma kallon bidiyo, suka dawo suka ce kaɗa hannun nan alama ce da ba ta halatta ba, wadda ke kashe ƙwallo a inda aka ɗauke ta. Aka soke. Kwalabe suka fara sauka a fili. Har yanzu mutanen garin nan ba su yafe ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ku lura da abin da ya biyo baya: ƙwallo na hannun Iowa, lokaci bai ƙare ba, maki 3 kawai ake nema, 'yan gaba suka kasa matsawa, daga ƙarshe Hill ya jefa wa ɗan Minnesota a hannu. Rabon da Minnesota ta ci a garin nan tun 1999. Ƙungiyar da sai ɗan baya ya yi abin al'ajabi kafin ta tsira, jerin yadin nan bai yi mata ƙarya ba.

Ranar 30 ga Oktoba mai riƙon muƙamin darakta, Beth Goetz, ta sanar cewa Brian Ferentz zai ƙarasa kakar amma ba zai dawo ba. Ba ta jira lissafin 325 ya cika ba.

Abin da ya rage na kakar ya ba kowane ɓangare abin riƙewa. Iowa ta ci wasanni huɗun da suka rage, ciki har da 10 da 7 a kan Northwestern da 13 da 10 a kan Nebraska, ta lashe sashen yamma da nasara 10. Parker ya karɓi kyautar Broyles ta mataimakin koci mafi ƙwazo, Taylor ya karɓi ta Ray Guy ta gwanin dogon bugu, ya kuma kafa tarihin yadi 4,479 na dogon bugu a kaka guda, 'yan bayan kuma suka ƙare na huɗu a ƙasa wajen hana cin maki. 'Yan gaba suka ƙare na 133 cikin 133 a yadi. A wasan ƙarshe na Big Ten, Michigan ta yi musu 26 da nema. A wasan sabuwar shekara a Orlando, Tennessee ta yi musu 35 da nema. Haɗa da na Penn State, manyan ƙungiyoyi uku sun ci su maki 92 ba su rama ko ɗaya ba.

A 2024 aka kawo Tim Lester ya riƙe 'yan gaba, Kaleb Johnson ya yi gudun yadi sama da 1,500, matsakaicin maki ya haura 25 ɗin da aka nema a baya. Nasara kuwa 8 aka samu, ba 10 ba. Masu kare tsohon tsari suna yawan kawo wannan. Ni kuma sai in tuna musu cewa a shekarar aka rushe sashen yamma gaba ɗaya, bayan USC da UCLA da Oregon da Washington sun shigo gasar, kuma da aka je gidan Ohio State 35 da 7 aka sha.

Ku gaida mutanen gida baki ɗaya.

Naku,
daga birnin Iowa, Amurka