Kantar kicin daga fasassun kwalabe: inda aikin ke ɓaci

Kwalba ba ta tsufa. Ko sau nawa aka narkar da ita, sabuwa take fitowa. Sai dai tanderun masana'anta ba kowane gilashi yake karɓa ba. Da farko a ware launi: fari, kore, ruwan ƙasa. A farfasa, maganaɗisu ya tsince murafun ƙarfe, iska ta hure takarda, na'ura mai ido ta fitar da tsakuwa da tangaran. Zafin tanderun yakan kai digiri 1,500, amma ɗan ɓallin kofin tangaran ba ya narkewa tare da saura, sai ya maƙale a jikin sabuwar kwalba, daga nan za ta fashe. Wahalar tana biya, domin duk kashi 10 cikin 100 na fasasshen gilashi da aka ƙara a haɗin, makamashin narkarwa yana raguwa da kashi 2 zuwa 3.

To, gilashin da launinsa ya cakuɗe, da na taga, da madubi, waɗanda masu kwalba suka ƙi, su ne kantar kicin ke maraba da su, tunda a nan ba narkarwa ake yi ba. Gilashi yakan kai kashi 75 zuwa 85 na jikin kantar, sauran siminti ne ko ƙaron roba mai daskarewa.

A wanke ɓallin gilashin tas kafin komai. Ragowar sukarin lemo yana hana siminti kamawa da wuri.

Babbar matsalar ita ce siminti da gilashi ba sa ga maciji. Sinadarin alkali na siminti yana cin silika, wato sinadarin yashi da ake yin gilashi da shi, sai wani abu mai yauƙi ya taru a gefen kowane ɓalli, ya sha danshi, ya kumbura, ya tsaga kantar daga ciki. Ba ya nunawa ranar da aka gama, sai bayan watanni ko shekaru. Maganinsa a rage simintin da kusan kashi 20, a cike gurbin da metakawolin, wato farin yumɓu da aka gasa aka niƙa. A ganina duk kantar da aka zuba ba tare da wannan ba, asarar kuɗi ce.

A zuba haɗin a akwatin katako, kauri santimita 3, a girgiza sosai har kumfa ta daina tasowa, in ba haka ba fuskar za ta fito da ƙananan ramuka. A rufe da leda kada ta bushe da wuri. Siminti sai ya kwana 28 yake cika ƙarfi. Gugar da faifan daimon ake yi, daga lamba 50 mai kaushi har zuwa 3,000, a lokacin ne kore da ruwan zuma ke tasowa suna ƙyalli. A tanadi ƙafa mai ƙarfi, domin murabba'in mita ɗaya ya kai kilo 70.

Kantar siminti tana jure zafi amma tana tsoron tsami: ɗigon lemun tsami ya kwana a kai, da safe za a ga dusasshen tabo, shi ya sa ake shafa mata maganin toshe ƙofofi ana sabuntawa. Ta roba ba ta shan ruwa, sai dai kada a sauke mata tukunya daga wuta sai an sa matashi.