Katangar da ta faɗi tsakanin meri da rejiyon

Wata bakwai kenan ina riƙe da biro a kwamitin gyaran katangar makarantar garinmu, wanda ban taɓa neman shiga ba. An dai ce tunda ina ɗan jin Faransanci kuma yarana uku suna karatu a wurin, to ni ne sakatare, kafin in buɗe baki har an tafa. Ba zan kama sunan garinmu ba, a nan arewacin Kamaru ne dai, wanda ya sani ya sani.

Lekol ɗinmu na firamare da sakandaren da muke ce wa CES fili ɗaya suke, katanga ɗaya ta kewaye su, foraj ɗaya yara ke shan ruwa. Ruwan Agusta ya zo ya kwantar da katangar gabas, tun daga ranar awaki suka mai da wurin gidansu, 'yan moto kuma suka samu yanke, yara na cikin aji sai ka ji buuu an ratsa ta gaban ƙofa. Muka tashi mu iyaye muka je meri, wato ofishin komin (ƙaramar hukuma), akace ai rabin katangar nan na CES ne kuma sakandare ba hurumin komin bane, na rejiyon ne, wato hukumar yanki. Da maganar ta kai wajen mutanen rejiyon suka ce gefen da ya faɗi ai ya fi kusa da azuzuwan firamare.

Kuma fa ba wanda yayi ƙarya a cikinsu, shine abin haushin. Dokar nan mai lamba 2019/024 ta ranar 24 ga Disamba 2019, wadda ta tattara duk ƙa'idojin komin da rejiyon wuri guda, haka ta raba: nazare da firamare da ƙananan asibitoci na komin, lise da kolej (wato sakandare) da manyan asibitoci na rejiyon. A takarda rabon yayi kyau, ita katanga ce dai bata san da wannan rabo ba.

Da na zauna na ɗan bi abin sai na ga ashe ita rejiyon ɗin ma jaririya ce. Tun kundin tsarin mulki na 1996 aka rubuta za'a yi ta, amma sai 6 ga Disamba 2020 akayi zaɓen farko, shekara ashirin da huɗu ana jira. Kowace majalisar rejiyon kujera 90 ce, 70 kansilolin komin ne ke zaɓensu, 20 kuma na sarakuna, su lamido da lawan da jauro su zaɓi nasu. Wato kansilan unguwarmu da hannunsa ya jefa wa ɗan rejiyon ƙuri'a, amma dokar tace ba wata hukuma daga cikinsu da ke saman 'yar'uwarta, rejiyon bata ba komin umarni. Mai sa ido a kan komin ferefe ne (wakilin gwamnatin tsakiya a gundumar), mai sa ido a kan rejiyon gwamna ne. To ka haɗa mutum biyu a tabarma ɗaya kowa yana ganin ba wanda ya girme shi.

Zamanmu na farko wlh har yanzu in na tuna sai nayi dariya. A ajin 'yan CM2, ajin ƙarshe na firamare, akayi, manya da manyan riguna a kan bencin yara gwiwa na dukan tebur. Kujerar malam guda ɗaya ce a gaba, mataimakin mer (mer shine shugaban komin) ya shigo ya zauna abinsa, can sai ga ɗan majalisar rejiyon ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba waya kamar mai jiran kira, yaƙi shigowa. Sai da Baba jauro ya aiki yaro gidansa aka ɗauko kujerar roba ta biyu aka jera su. Awa ɗaya da rabi ta tafi a kan waye zai buɗe taro. Nace, "Ranku ya daɗe, me zan rubuta a PV, takardar bayanin taro?" Baba jauro yace, "Ɗana rubuta an yi addu'a an tashi lafiya." Haka na rubuta kuwa, don iyakar abinda akayi kenan.

Zama na biyu mutanen rejiyon basu zo ba, 'yan meri da mu iyaye muka yanke cewa kowa ya kawo rabi. Zama na uku suka zo suka ce ba da su akayi ba don haka bai hau kansu ba, kuma gaskiya ne, ba inda aka rubuta mutum nawa ne suka isa a yanke magana. Anan ne wata Hajiya cikin ƙungiyar iyaye, mai sayar da atamfa ce a kasuwa, tace ko adashi ake sai an faɗi ranar zubi da mai riƙe kuɗi da tarar wanda ya makara, ya za'ayi manya su zauna ba ƙa'ida. Ajin yayi tsit.

Abin mamaki idan komin da komin ne zasu haɗa kai doka ta shimfiɗa musu hanya, akwai abinda ake kira sindika na komin, kowace majalisa sai kashi biyu cikin uku sun yarda, kowane mer ya zo da kansila biyu. Manyan birane ma irin Garwa da Marwa da Ngaundare akwai majalisar birni da ta haɗa komin ukun da ke cikin kowanne. Namu kwamitin kam na sa-kai ne, mu muka ɗinka rigar dole mu sa mata aljihu.

Shafi ɗaya da rabi muka rubuta. Shugabanci karɓa-karɓa, wannan zama meri na gaba rejiyon, kujera biyu a gaba kullum. Meri ƙuri'a biyu, rejiyon biyu, iyaye ɗaya, kuma ba'a yanke komai sai kowane ɓangare yana da ko mutum ɗaya a wurin. Wakilin sufurefe (na ƙasa da ferefe) da Baba jauro da daraktocin makarantun biyu suna magana amma basa ɗaga hannu. Wannan ta Baba bata min daɗi ba sam, mutumin da ya fi kowa kashe wuta a ce bashi da ƙuri'a, amma shi da kansa yace gara haka, mai raba faɗa baya riƙe sanda. PV kuma ina karantawa da Faransanci in maimaita da Hausa, wani ya juya da Fillanci, a sa hannu kafin kowa ya nemi takalminsa.

Inda aka fi daɗewa wajen kuɗi ne. Ni da farko na ɗauka asusu zamu buɗe kowa ya zuba, sai sakataren meri ya fahimtar dani cewa kwamiti irin namu shawara kawai yake bayarwa, ko dala bazai iya kashewa ba. Sai majalisar komin ta zauna ta amince, takarda ta bi ta wajen ferefe, sannan ma'ajin komin ya biya, can rejiyon ma haka ta wajen gwamna. Su kuma majalisun nan duk wata uku suke zaman ƙa'ida, kasafin shekara mai zuwa kuma ƙarshen shekara ake yinsa, in dosiyenka, wato takardunka, ya makara da sati ɗaya to ka sha zama. Shi yasa muka sa cewa zamanmu ya riƙa rigan nasu da wata guda. Da mun san wannan tun Satumba da bamu ɓata lokaci a kan kujera ba.

Yanzu dai an auna katangar da igiya a gaban kowa an buga turke a tsakiya. Gefen meri an fara jera bulo ya kai ƙugu, gefen rejiyon ance dosiye ya shiga ana jiran zama. Mu iyaye muka yi karo-karo jaka ɗaya ɗaya muka sayi zana muka toshe inda ya rage, 'yan moto sun daina bi, awakin ne dai suka fara cin zanar. Zama na gaba ranar Asabar bayan la'asar, rejiyon ce da shugabanci, kuma an ce in tuna wa Baba jauro ya turo kujerar robar.