Ni da Kawu a gaban laftof

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin akawu kafin ya yi ritaya, amma bai taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba sai watan jiya da ɗansa ya aiko masa da laftof 'yar gwanjo, aka ce ni ne malami. Wlh na zata sai na yi gumi, ashe ni zan koyi darasi.

Da na kunna na ce Kawu kun ga wannan filin gaba ɗaya, shi ake ce wa desktof, wato saman tebur. Ya ce tebur irin na ofis? na ce shi fa. Daga nan mutumin nan ya riga ni gaba. Na nuna masa 'yan hotunan nan ƙanana, aikon, yana ganin mai ruwan ɗorawa ya ce ai wannan fayil ne irin wanda muke ɗaurewa da zare, na ce folda sunanta, takardu ake zubawa a ciki. Kwandon shara kuwa dariya ya yi ta yi da na goge takarda na kuma dawo da ita, ya ce haka masinjansu yake yi, in an yar da takarda bisa kuskure a kwando ake zuwa a tono ta kafin a kai bola.

Kuma wannan kama da ofis ba dace aka yi ba, da gangan aka tsara shi haka. Mutanen kamfanin Xerox ne a Amurka suka fara wannan dabara tun shekarun 1970 don ma'aikatan ofis, Apple ta fito da ita kasuwa sosai da kwamfutarta Macintosh a 1984.

Inda muka sha fama shi ne maus, ɗan abin nan da ake ja da hannu a kan tebur don motsa kibiya. Kibiya na gudu a allo shi kuma yana ɗaga maus ɗin sama kamar rimot, danna sau biyu kuwa sai da muka kwana uku. Sai windo, wato akwatin da aiki ke buɗewa a ciki, in ya taɓa ɗan layin nan na kusa da X a kusurwar sama ta ɓace, sai ya ce ɗan nan aikina ya tafi, in ce bai tafi ba Kawu, ku duba ƙasa. Wannan dogon layin na ƙasa shi ne taskba, duk abin da ka buɗe yana nan a zaune, ga agogo da batir da alamar netwok a gefen dama, ga maɓallin Start, inda ake buɗe jerin abubuwan da ke cikin kwamfuta, wanda tun Windows 95 yake nan. Microsoft ta taɓa cire shi a Windows 8 a 2012 mutane suka yi ta ƙorafi har aka dawo da shi, yanzu kuma a Windows 11 an tura shi tsakiya, ni dai har yau hannuna hagu yake zuwa.

Abu ɗaya ne teburin ofis bai koya masa ba, shotkot. Ya kwafi aikon mai 'yar kibiya a jiki ya sa a filash ya tafi shagon firintin, a zatonsa takardar fanshonsa ce ya kwafa, aka buɗe babu komai, sai da ya sake hawa adaidaita ya dawo gida. Ya ce to wannan me ne amfaninsa? na ce kamar rubutun da ke jikin durowa ne, yana nuna inda fayil yake amma ba shi ne fayil ɗin ba. Ya yi shiru ya ce a goge masa su duka.