Magungunan kumburin furostet da abin da na gani a gidanmu

Sau biyar Baba yake tashi cikin dare, ina jin ƙarar buta da jan takalminsa, kuma fitsarin ɗigo-ɗigo yake zuwa. Likita ya ce furostet ce ta kumbura, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara, har ta matse hanyar fitsari.

An fara ba shi tamsulosin, ƙwaya ɗaya kullum, wadda take sassauta tsokar wurin, kuma cikin kwanaki kaɗan ya samu sauƙi, sai dai jiri yakan ɗebe shi idan ya miƙe da sauri, shi ya sa yanzu yake ɗan zama a bakin gado kafin ya tashi sallar asuba. Daga baya aka ƙara masa finasteride, wadda ita ce take rage girman ƙululun, amma tana buƙatar haƙuri na kusan wata 6, kuma mai juna biyu ba ta taɓa fasasshiyar ƙwayarta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin mura na kemis, domin wasu irinsa suna iya tsayar da fitsarin mai wannan lalura gaba ɗaya.