Wasiƙa daga Ingila: 'yan kasuwar Jos, ku leƙa akwatin saƙon muryarku

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na Farin Gada, Taminus da Dilimi. Ya kasuwa, ya sanyin Jos? Ina gaishe ku daga Ingila, inda nake aikin gyaran wayoyin ofis.

Makon jiya yayana, mai sayar da dankalin turawa a Farin Gada, ya wayi gari an fitar da shi daga WhatsApp ɗinsa. Kafin azahar ana ta tura wa abokan cinikinsa na Legas saƙo da sunansa, wai su zuba kuɗin buhuna a wani sabon asusu. Ya rantse mini bai karanta wa kowa lamba ba, kuma na yarda da shi, domin na san wata hanyar da ɓarayin ke bi.

Sukan jira dare ya tsala, su sa lambarka a WhatsApp ɗin wayarsu, su zaɓi a kira ka a karanto lambobin nan shida na shiga WhatsApp. Kana barci, ko wayar ta mutu tana jiran a kawo wuta, sai kiran ya faɗa akwatin saƙon murya. Daga can inda suke sai su buɗe akwatin da lambar sirrin da ya zo da ita, irin 0000 ko 1234, wadda yawancinmu ba mu taɓa canzawa ba, su saurari lambobin, su shige WhatsApp ɗinka. Da yawa ma ba su san suna da akwatin ba. A nan Ingila, satar sauraron saƙonnin mutane ta wannan ƙofa ce ta jawo rufe jaridar News of the World a 2011, bayan shekara 168 tana fitowa.

Don Allah yau ɗin nan ku danna *#62#, ku ga inda kiranku ke tafiya idan waya tana kashe. *#61# na kiran da ba a ɗaga ba ne, *#67# kuma na lokacin da kuke kan layi. In kwastoma na ƙorafin ba ya samun ku, nan za ku fara dubawa, sannan ku ga ko akwatin ne ya cika. Wanda ba ya amfani da shi ya danna ##002#, a soke duk karkatar da kira. Mai buƙatarsa ya sa sabuwar lambar sirri, ban da shekarar haihuwa. A WhatsApp kuma a kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Masu otal da asibiti da ke da na'urar raba kira, ku goge akwatin duk ma'aikacin da ya bar aiki, ku toshe kiran ƙasar waje ta cikin akwatin. Na ga ofishin da aka tashi ranar Juma'a lafiya, Litinin aka tarar da bashin kiran da ba wanda ya yi.

In kamfanin layinku ya ƙi sauraron ku, ku kira NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, a 622, kyauta ne. A gaishe mini da mutanen gida.

Ɗanku kuma ɗan uwanku, daga Ingila.