Shekarar da Tukunyata Ta Koma wa Dawa da Gero

Duk matar da ta riƙe kuɗin cefane a Kano a shekarar 2024 ta san irin lissafin da aka sha. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka fara hawa, amma a farkon 2024 ne abin ya iso cikin tukunya sosai. Buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira 70,000, har aka wayi gari mutane suna neman afafata, ragowar shinkafar da a da masu casa ke warewa su sayar wa masu kiwon kifi. Zuwa tsakiyar shekara Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100 a kan na bara. Ni malamar makaranta ce, maigidana kuma yana da ɗan shago, saboda haka na buɗe littafi ina rubuta abin da ya fita kullum, a gefe kuma nakan rubuta abin da na dafa da yadda aka karɓe shi. Da na zauna a ƙarshen Disamba ina duba shafukan, sai na ga abincin da aka yi santinsa har aka nemi ƙari kusan duk na dawa ne da gero da masara da ganye.

A watan Janairu muka yanke shawara da Baban yara cewa shinkafa ta koma ta ranar Juma'a da ranar baƙi. Muka je Dawanau muka auno dawa, kaura da farfara, da gero da ɗan wake. Su ma sun hau, ba wai araha suke ba, sai dai tuwo yana riƙe ciki, kuma wanda ya kwana ana ɗumama shi da safe a huta da sayen burodi.

Tuwon dawa shi ne abin da na fi dafawa a shekarar, shi ne kuma na fi jin daɗin yadda hannuna ya faɗa da shi. Asirinsa yana wurin surfe da talge. Idan aka surfa dawar aka bushe dusar, sai a wanke a shanya ta sha iska kafin a kai injin niƙa. Nakan tankaɗe garin da rariya mai laushi, in dama kaɗan da ruwan sanyi in zuba a tafasasshen ruwa da ɗan ruwan kanwa, in rufe in bar talgen ya yi ta ɓararraka har sai warin ɗanyen gari ya fita. Yawancin masu cewa tuwon dawa yana da gafi ko yana saurin saki, a nan suke yin gaggawa. Bayan haka ne ake zuba gari a tuƙa da muciya, a rage wuta ya sulala, a sake tuƙawa sannan a kwashe da mara. Miyar kuwa kuka ce: daddawa mai yawa wadda aka daka da barkono da masoro da kanumfari, da wake ɗan kaɗan da aka ɓarza don miyar ta yi jiki, da kifi banda idan ya samu. Sai daddawar ta dahu ƙamshinta ya cika tsakar gida nake kaɗa kukar da maburgi. A ƙarshe a soya man shanu da albasa a zuba a kai, ga yaji a gefe. Ƙaramin ɗana, wanda a da in ba taliya ba sai an yi rigima, shi ne yanzu yake tambayar ko akwai ɗumame.

Na rage dunƙulen ɗanɗano na kanti ƙwarai, kuma ban ji miya ta rasa komai ba. Daddawar kalwa ta gaskiya, wadda ba a haɗa ta da waken suya ba, ita ce ke ɗauke nauyin miyar, kuma nakan saye ta hannun wata dattijuwa da ke shigowa da ita daga ƙauye.

A Fabrairu, lokacin da tumatirin rani na Kadawa da Kura ya cika kasuwar Yankaba, na sayi kwando na yanka kowane gida biyu na shanya a kan tabarma a saman soro, na lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Iskar hunturu ta busar da shi ƙayau. Na yi wa tattasai da attaruhu haka. A watan Mayu da Yuni, da zafi da tsutsar nan da manoma ke kira sharon suka haɗu suka lalata gonaki, tumatir ya zama abin da ake ƙirgawa ɗai-ɗai a faranti, ni kuwa kauɗata nake jiƙawa da ruwan zafi, in wanke yashin, in niƙa da albasa mai yawa, in ɗiga kanwa ta kashe tsamin. Miyar ba ta yin ja kamar ta ɗanye, amma tana da wani ɗanɗano mai nauyi da ya dace da dambu.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, cikin tsananin zafi, ga wutar lantarki ba ta zama, ga ƙanƙara ta yi tsada. Kunun tsamiya ne ya riƙe mu. Citta ma ta yi wuyar saye, saboda cutar da ta cinye gonakinta a yankin Kachia a daminar 2023, don haka na ƙara kanumfari da masoro da kimba a cikin gasarar, kunun ya fito da ƙamshin da har yanzu ban daina yin sa haka ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a watan shi ne kwanukan da ke yawo tsakanin gidaje gab da magariba. Kwanukan sun ƙanƙance, ƙosai ya ragu domin wake ya yi tsada, amma ba gidan da ya daina aikawa a layinmu. Maƙwabciyata, Babarbariya ce 'yar Maiduguri, ta aiko mana da burabusko na tsakin gero da miyar yakuwa mai gyaɗa, warar-warar, ba ya caɓewa. Washegari na shiga na ce, "Yaya, don Allah wannan abin sai kin nuna mini." Ta yi dariya ta ce, "Zo ki zauna, ƙanwata, ai ba wani abu ba ne, ruwa ne kawai ba a cika masa." Haka ne kuwa: ruwa kaɗan, mai kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, a riƙa juyawa da muciya ana rufewa. A watan Satumba, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, 'yan'uwanta suka zo suka cika mata gida. Makonnin nan kowace mace a layin ta riƙa ƙara hannu a tukunyarta ana miƙa mata, ni kuma burabuskon da ta koya mini nake aikawa, domin shi bakinsu ya saba da shi.

Babbar salla ta zo ranar 16 ga Yuni, rago ya fi ƙarfin mutane da yawa. Mu saniya aka haɗa kuɗi aka saya da 'yan'uwan maigida, aka raba kashi bakwai. Na soya abin da za a soya, na yi dambun nama na ajiye wa yara, kitsen kuma na narkar na zuba a kwalba, ya yi mini watanni ina ɗiba a miyar kuka da ta kuɓewa. Ƙasusuwan ma na soya su sosai na adana, kowane guda ya yi tukunyar miya.

Ranar 1 ga Agusta aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita a Kano. Ba kasuwa, ba mai kayan miya. Na duba abin da ke gida: tsakin masara, gyaɗa, albasa, da yakuwa da alayyafo da na shuka a tsofaffin bokitai a bayan ɗaki. Na yi fate. Muka zauna a tabarma ɗaya muka sha da zafinsa ana jin jiniyar motoci daga titi, kowa ya yi shiru. Tun ranar na ƙara bokitan, na dasa zogale biyu a jikin katanga.

Amma idan aka ce in zaɓi abinci guda na shekarar, ba a gidana aka yi shi ba. A farkon Satumba na kai yara ƙauyenmu a yankin Bichi wurin Goggo, ƙanwar mahaifina. Lokacin ne rumbu yake ƙasa, tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai gama shigowa ba, mutanen karkara kuma sun san yadda ake tsallake wannan tsakanin da abin da damina ta fitar. Da rana Goggo ta yi mana kwaɗon tafasa. Ta tsinko ganyen masu taushi a bakin gona, ta dafa ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, ta yanka albasa ta ɗiga man gyaɗa, ta cakuɗa da hannu a cikin ƙwarya. Ba nama, ba komai na kanti, yaran suka cinye suna lashe yatsu.

Da yamma aka karyo kawunan sabon gero daga gona aka yi tumu. Ana ɗora zangarniyar a kan garwashi ana juyawa har ta yi ƙamshi, sai a murje a tafin hannu a hure ƙaiƙayin a watsa a baki. 'Ya'yana ba su taɓa gani ba. Washegari Goggo ta ce za ta yi mana furar sabon gero, na ce, "Goggo, ki bari in kai inji mana, kada ki wahala." Ta ce, "A'a, 'yar nan, furar inji daban, ta turmi daban. Ɗauko taɓarya ki taya ni." Muka surfa, muka wanke, muka daka da citta da kanumfari da barkono har ya zama gari. Ta yayyafa ruwa ta cura manyan dunƙule, ta jefa a tafasasshen ruwa suka dahu, ta tsamo ta mayar turmi muka kirɓa da zafinsu, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan har furar ta yi danƙo tana kama taɓarya. Ta mulmula ta barbaɗe da gari. Can sai ga 'yar Fulani da ƙwaryar kindirmo a kai, Goggo ta kira ta, ta dama mana da ludayin duma a sabuwar ƙwarya. Ban sa sukari ba. Sabon gero yana da zaƙinsa, kuma wanda ya saba da furar leda ta cikin gari, wadda ake dama wa da madarar gari a injin markaɗe, bai san wannan zaƙin ba. Ina ganin asara ce babba a ce yaro ya tashi a ƙasar Hausa bai taɓa shan irin wannan ba, kuma laifin ba na yaran ba ne, hanyar ƙauye ce aka rage bi.

A wannan zuwan na lura da yadda Goggo ba ta zubar da komai. Dusar surfe ta awaki ce, ƙasarin da aka wanke gero a ba dabbobi, ƙanzon tuwo a jiƙa a ci da ƙuli, ganyen rama da zogale da kuɓewa a shanya tun suna da yawa domin rani. Na dawo da ƙullin busasshiyar kuɓewa da kuka wadda aka shanya a inuwa, shi ya sa take kore shar, ba irin ta kasuwa da rana ta ƙone ba.

Da kaka ta yi, kabewa da sabuwar gyaɗa suka shigo, sai miyar taushe ta karɓi gida. Na yi ta da wainar shinkafa ranar sunan ɗan ƙanwata, na kuma gwada ta da wainar gero, wadda ta fi nauyi amma ta fi ƙamshi, surukata Hajiya ta ce rabonta da ita tun tana amarya. A hanyar Bauchi kuma, wajen wani biki, na ci masar da ta tabbatar mini da sunan da garin ya yi: cikinta laushi, bakinta ƙayau, an barbaɗa mata ƙuli da yaji. Mai yin ta ce mini ƙullin kwana yake yi ya tashi da kansa, kuma tandar ƙasa take amfani da ita a kan itace. Da na dawo na sayi tandar ƙasa a kasuwar Kurmi, na shafe ta da mai na gasa ta kafin in fara suya.

Yanzu, a ƙarshen Disamban 2024, hunturu ya dawo, rake da dankalin Hausa da karas sun cika titi, yara suna ta sayen fara mai yaji a ƙofar makaranta. Sabuwar dawa ta shigo Dawanau, mun auna tun kafin ta fara hawa. Waken na zuba a jarkoki na cika su har baki na toshe da leda kafin in ɗaure murfin, domin idan iska ba ta shiga ƙwari ba sa rayuwa, ba sai an sa maganin da ke cutar da mutane ba. Azumin 2025 zai kama farkon Maris, don haka na riga na sayi tsamiya da gero, na kuma yi magana da maƙwabtana mata uku za mu haɗa kuɗi mu sayi kwandunan tumatir a Yankaba da zarar na Kadawa ya sauko, mu shanya tare a soron gidanmu.