Hutun da Na Yi a Ambuwaz, Bakin Kogin Luwar

Duk wanda ya yi niyyar zuwa hutu kwarin Luwar a ƙasar Faransa, shawarar da zan fara ba shi ita ce ya zaɓi gari ɗaya ya yada zango, ya riƙa fita yana dawowa, maimakon kwana yau nan gobe can. Ni na zaɓi Ambuwaz, wanda Faransawa suke rubutawa Amboise, ƙaramin gari mai nisan kimanin awa biyu daga Faris a jirgin ƙasa. Tashar jirgin tana arewacin kogin, saboda haka sai baƙo ya tsallaka gada kafin ya shiga tsohon gari, kuma daga kan gadar yake fara hango fadar sarakuna a bisa tudun dutse.

Yawancin masu zuwa suna zuwa ne saboda Leonardo da Vinci, shahararren mai zane kuma mai ƙirƙira, wanda Sarki Faransuwa na Ɗaya ya gayyato daga Italiya a 1516, ya saukar da shi a gidan Clos Lucé, inda ya rasu a 1519. Na shiga gidan, na ga samfurorin injunan da ya zana, kuma sun cancanci a gani.

Sai dai abin da ya fi zama mini a rai yana cikin lambun fadar ne. A wannan fadar aka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya daga 1848 zuwa 1852, bayan ya shafe shekaru yana yaƙar mamayar Faransa, ya kuma ajiye makami bisa alkawarin za a bar shi ya tafi ƙasashen gabas, alkawarin da aka saɓa. Tare da shi akwai iyalansa da mabiyansa, mata da ƙananan yara, mutanen da suka saba da rana aka kawo su ɗakunan dutse masu sanyi da danshi. Mutum 25 daga cikinsu suka rasu a wurin. A yau akwai duwatsu 25 da aka jera a wani ɓangare na lambun domin tunawa da su. Na lura da yadda jama'a suke wucewa da sauri zuwa wajen ɗaukar hoto, ni kuwa na tsaya na yi musu addu'a, domin ban ga dalilin da Musulmi zai zo har nan ya wuce waɗannan bayin Allah ba tare da ya nema musu rahama ba.

Karkarar kuwa keke ne ya fi dacewa da ita. Ana bayar da hayarsa a cikin gari, hanyoyin suna da alamomi, kuma bakin kogin shimfiɗaɗɗe ne. Da keken na je fadar Shanonso, kimanin kilomita 12 kudu da gari, wadda aka gina dogon zaurenta a kan kogin Sher, ruwa yana gudana ta ƙarƙashinsa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an mayar da zauren asibiti. A gefen hanyoyin yankin akwai gidaje da ɗakunan ajiya da aka sassaƙa cikin farin dutse mai taushi, irin wanda aka gina fadojin da shi.

Na koyi cewa zaman garin yana da ƙa'idojinsa. Gidajen abinci suna dafa na rana daga sha biyu zuwa biyu, daga nan sai wajen bakwai na yamma, kuma shaguna da dama ba sa buɗewa ranar Litinin. Wanda ya shiga shago bai fara da gaisuwa ba, ba zai ga fara'a ba, abin da ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Batun abinci yana buƙatar tambaya, domin naman alade da giya suna shiga girkin yankin sosai, shi ya sa na fi dogara da kifi da burodi da cukun akuya da 'ya'yan itatuwa daga kasuwar da ke ci a bakin kogi da safiyar Juma'a da Lahadi. A tsakiyar lokacin zafi rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare, don haka dole mutum ya sake tsara lokutan sallarsa da barcinsa. Kogin kuma, duk da kwanciyar da yake nunawa, yana da ramuka da yashi mai zaftarewa a ƙarƙashin ƙafa, kuma mutanen garin suna gargaɗin baƙi da kada su shiga wanka a cikinsa.